Kukan da Muka Yi Wata Biyu Muna Rufewa da Rediyo

A taron wata mutane da yawa sun tambayi dalilin da ya sa motar ƙungiya ta kwana biyu a gareji, shi ya sa muka ga gara mu rubuta a nan kowa ya karanta.

Motar dai kun san ta, Golf 3 ce, ƙirar da Volkswagen ta fara fitarwa tun 1991, wato ta girmi wasu daga cikin masu tuƙa ta. Da kuɗin karo-karo muka saye ta, don kai marar lafiya asibiti da zuwa ta'aziyya. Tun tsakiyar damina ta fara wani kuka daga baya, wuuu, kamar jirgi na wucewa can nesa. A cikin gari ba a jin komai. Sai an bar mahaɗar Diko an miƙa hanyar Lambata, gudu ya kai kilomita 60, sannan yake tashi. Gaskiya mu faɗa, duk wanda ya hau ya ji, kuma abin da muka riƙa yi shi ne ƙara muryar rediyo.

Da farko mun ɗora laifin a kan taya, kuma ba zargin banza ba ne, don tayar da ta ci gefe ɗaya tana irin wannan kukan. Mai faci ya mayar da na baya gaba, na gaba baya. Da taya ce, da kukan ya bi ta zuwa gaba. Bai motsa ba. A nan ya kamata mu farga, amma ma'aji ya ce asusu ba nauyi, mu kuma muka ce ai tana tafiya.

Daren da aka kai wata 'yar uwarmu mai naƙuda Suleja ne ya tayar mana da hankali. Allah ya sauke ta lafiya. Amma da direba ya tsaya a bakin asibiti sai ya ji ƙaurin giris, ya kai hannu tsakiyar ƙafar baya ta dama, ya janye da sauri saboda zafi. Ta hagu kuwa ɗumi kawai.

Washegari muka kai ta wurin wani dattijon bakanike. Bai taɓa sifana ba sai da ya ce a zaga da shi. Da kukan ya tashi ya ce a sa giya a firi. Injin ya yi ƙasa, kukan yana nan yadda yake, wato ba injin ba ne, ba giya ba ce. Da hanya ta yi sarari ya sa direba ya ɗan karkata sitiyari hagu a hankali, kukan ya ƙaru. Ya karkata dama, ya ragu. Ya ce in mota ta karkata hagu nauyinta kan ƙafafun dama yake komawa, boris mai ciwo kuwa in aka danne shi sai ya ƙara ihu. A gareji ya ɗaga ta da jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, muka ji ƙwas ƙwas. Ya juya ta da hannu, ya ce mu dafa sifirin. Kana jin gurzar a tafin hannunka kamar ana niƙa tsakuwa.

"Alhaji, da kun ƙara mako guda a haka, ko ta ƙame muku a guje ko ƙafar ta rabu da ku," in ji shi. Duk wanda ya san yadda tireloli da tankoki ke bin hanyar Minna ya san me wannan ke nufi.

Da aka cire gangar birki muka ga abin da idonmu. Robar da ke tare ruwa ta yage, ruwan kududdufai ya shiga, giris ya koma baƙin laka mai tsatsa. Ƙafar bayan wannan motar boris biyu gare ta, na ciki da na waje, kowanne da zoben ƙarfen da yake gudu a kai, kuma zoben na waje duk ya yi ramuka.

Wajen saye muka yi gardama. Wasu sun ce a ɗauko ɗan Baljiyam a Zuba ya fi arha. Ga ƙofa ko fitila mun yarda da na hannu, amma boris ba ka ganin tafiyar da ya riga ya yi. Muka sayi sabo cikin kwali, da sabuwar roba da sabon fil na kulle noti.

Abu biyu muka koya a tsaye a wurin. Yaron gareji ya so ya bar tsohon zoben a ciki don fitar da shi akwai wahala, ogansa ya daka masa tsawa: "Kai yaro, sabon boris a kan tsohon zobe wata nawa zai yi?" Na biyun shi ne ɗaurin noti. Mu a zatonmu iya ƙarfi ake ɗaurewa. Ashe a irin wannan motar ana ɗaurewa ne ana juya gangar har boris ya zauna, sannan a sassauta kaɗan, yadda wasar da ke bayan notin za ta ɗan motsa in an tura ta da bakin sukundireba, kana a sa fil. In aka matse shi tam, zafi zai cinye sabon ma. Motocin da suka zo daga baya da yawa boris ɗinsu a rufe yake, ba a gyara ɗaurinsa haka, don haka kowa ya tambayi irin na motarsa.

Mun gwada ta har Lambata muka dawo, rediyo a kashe, ba kuka, ƙafafun biyu ɗuminsu ɗaya. Zafin ya ɗan taɓa takalmin birki na dama, sai aka canza na ɓangarorin biyu, abin da da mun zo da wuri ba za mu biya ba. Rasit ɗin duka yana hannun ma'aji ga mai son gani. Ƙafar hagu kuma, tunda ruwa ɗaya suka sha, an shirya buɗe ta a duba kafin tafiyar Kaduna, in sha Allahu.