Awon Albarushi

Kakana ba ya ɗura bindigarsa a gaban baƙo. Bayan an girbe gero a gonakin Fagada, lokacin farauta ya kama, sai ya zauna a zaure da adakarsa da wani guntun ƙahon akuya. Ƙahon nan shi ne ma'auninsa. Yakan cika shi da albarushi, ya shafe bakinsa da yatsa, ya juye. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi ƙarawa domin harbin ya yi nisa. Ya ce, "Kai yaro, maƙerin da ya ƙera ta a Jega shi ya yanka mini ƙahon nan. Ya fi ni sanin ƙarfensa."

Sai da na girma na karanta cewa a Amurka akwai masu ɗura harsasan ƙananan bindigoginsu da hannu, suna ƙara albarushi kaɗan-kaɗan har su ga iyakar abin da ƙarfe zai ɗauka. Fitaccensu, Elmer Keith, makiyayin shanu a jihar Idaho, ya taɓa fasa bindigarsa ƙirar Colt a wannan gwaji. Irin nacinsa ne ya taimaka wajen fitowar harsashin .357 Magnum a 1935, da .44 Magnum shekara ashirin bayan haka. Amma su suna da sikeli, da littattafan awo, da ƙarfen masana'anta da aka gwada. Tamu adakar sau da yawa bututun ruwa ce aka sarrafa, kuma babu biyu da suka zo ɗaya. Awon wannan yana iya tarwatsa waccan.

Wannan sani a hannun mafarauta yake, ba a rubuce ba. Tun da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri a watan Yunin 2021, samarin da ba su taɓa harbin ko zabo ba suka shiga sayen adaka don gadin dare. Ba na ganin laifinsu. Sai dai mai tsoro gani yake awo ɗaya bai isa ba.

Ɗan kawuna ya ninka nasa. Bindigar ta fashe a hannunsa na hagu, ta tafi da yatsu uku. Aka garzaya da shi wajen masu ɗori a Aliero, suka ce wannan ba karaya ba ce, a wuce da shi asibiti.

Da na je duba shi, na tambaye shi ina ƙahon Kaka. Ya ce, "Yaya, yana nan cikin jaka. Na ɗauka laya ce."