Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Tafiyar Maraɗi

Ya ke tafiyar Maraɗi,

Bayan gaisuwa irin ta waɗanda suka kwana biyu ba su haɗu ba, daga Malumfashi nake rubuto miki. Na san in aka buɗe takardun gwamnati za a ce ba ki je ko'ina ba. Har gobe ɗan Najeriya ba ya neman biza kafin ya shiga Nijar, haka shi ma ɗan Nijar in zai shigo nan. Ban musa ba. Amma ki zo tashar motar garinmu ki tambayi samarin da ke zaune, wane ne a cikinsu ya taɓa rataya jaka ya nufi Maraɗi don kawai ya ga gari. Fatake suna zuwa, abincinsu ne a can. Mai gaisuwar mutuwa ma yana zuwa, bakinsa ɗauke da addu'a tun daga Kankiya. Ke da nake nufi daban ce. Ke ce tafiyar da ba ta da wani dalili, wadda magidanci kan yi bayan kaka, ya kai audugarsa an auna, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai ya ce wa mai ɗakinsa zai leƙa ƙasar Faransa ya dawo jibi.

Hanyarki ba ta da wuya a da. Daga nan a bi ta Dayi a faɗa titin Kano zuwa Katsina, ko a yanke ta Ƙanƙara da Dutsinma. A Katsina a sake mota zuwa Jibiya, a tsallaka a Magama, a gaisa da jandarmomi a Ɗan Isa, kafin la'asar ana shan shayi a Maraɗi. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai cika kilomita 100 ba. Mutumin Malumfashi da zai je Abuja ya fi shan zama a mota.

Kin girmi iyakar da kike tsallakawa. Lokacin da jihadi ya ci Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe arewa ya yi, kuma wajen 1819 sarkinsu Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin can. Ba zan yi miki daɗin baki in ce tun daga lokacin zumunci kawai ake yi ba. Dawakin Maraɗi, musamman a zamanin Sarki Ɗan Baskore, sun sha kawo hari ƙasar Katsina, kuma akwai gidajen da kakanninsu suka san Maraɗi da igiya a wuya. Sai dai faɗan na 'yan gida ɗaya ne, masu harshe ɗaya da sarautu iri ɗaya, Galadima a nan Galadima a can. Da Ingila da Faransa suka gama cinikinsu, suka turo jami'ansu Tilho da O'Shee tsakanin 1906 da 1908 suka bi daji suna kafa alamun iyaka, sun tarar da aure da kasuwa da almajiranci sun riga sun ɗinke ɓangarorin biyu.

Dokar da ta ba ki gindin zama daga baya ta zo. An kafa ECOWAS a Legas a 1975, sannan ranar 29 ga Mayun 1979 shugabannin ƙasashenta suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai inganci da katin rigakafi, wannan mai ruwan ɗorawa da ake bayarwa bayan allurar shawara. Mai motar kansa ma kwana 90 aka ba shi, motar haya kwana 15. An kuma bar wa kowace ƙasa damar ta mayar da wanda dokarta ba ta yarda da shigarsa ba. Yawancin waɗanda suka bi ki daga yankinmu ba su taɓa ganin wannan takarda ba. Wasu katin zaɓe suke nunawa, wasu ba su nuna komai sai Hausar bakinsu da ɗan abin goro. Duk da haka ta yi musu aiki ba su sani ba, don mai kakin da ya tare hanya ya san iyakarsa ya ɓata maka lokaci, ba shi da hurumin ce maka koma ka nemo izini daga Yamai.

Me ake zuwa gani? Mutanen birni da suka saba jin yawon buɗe ido sai Dubai za su yi dariya. Ana zuwa tafkin Madarumfa, inda ake ziyarar kaburburan da mutanen wurin ke cewa na waliyyai 99 ne. Ana zuwa Tibiri a ga fadar Sarkin Gobir. Masu son kokawa kuwa ba sa bari a ba su labarin gasar Takobi, wadda Nijar ta fara tun 1975 take zagayawa da ita jiha jiha. Shekarar da ta faɗo kan Maraɗi, garin ɗan kokawa Kantu, mota cike take tashi daga Katsina. Mai ƙarfin aljihu ya zarce Damagaram ya ga gidan sarki, mai ƙarfin hali ya kai Agadas ya tsaya gindin hasumiyar masallacinta ta ƙasa, wadda UNESCO ta sa tsohon garin da take ciki a jerin kayan tarihin duniya a 2013. A dawo da cuku da dabino da kilishi da turmin atamfa, a kuma dawo da labari, wanda shi ne ya fi daɗewa bai ƙare ba a majalisa.

Kuma ba mu kaɗai muke bin ki ba, kina da dawowa. Tun da aikin gona na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa ya fara a 1975, masara ta zauna daram a ƙasarmu, ta samu wuri kusa da dawa da auduga. Manyan motoci kan yi lodi a Dandume da Bakori da Funtuwa su nufi arewa, mutanen Nijar kuwa su turo mana raguna da shanu da raƙuma da wake da aya. 'Yan ci-rani daga ƙasar Maraɗi da Tawa su sauko aikin girbi, wani ya kama sayar da shayi, wani ga-ruwa, wani ya yi aure ya zauna, jikokinsa yanzu ba wanda zai ce musu baƙi.

Ba a rana ɗaya kika ɓace ba. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakoki lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da fari, har mutanen ƙasar Maraɗi suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. Kin farfaɗo daga wannan. A Agustan 2019 aka sake rufewa, aka ce don shinkafar waje, aka ƙara da hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Illela da Maigatari sun buɗe a Disambar 2020, Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Manomin shinkafa na iya cewa ya amfana, ba zan yi masa gardama ba. Abin da na sani shi ne a waɗannan shekarun ne tsallaka iyaka ya koma aikin ɗan acaɓa da hanyar daji, kuma mutumin kirki da iyalinsa ba ya bin hanyar daji don ganin gari.

Kafin ki gama miƙewa sai ga 26 ga Yulin 2023. Sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar da take ba Nijar, har aka fara maganar tura soja. Ban taɓa jin maganar da ta tayar wa mutanen Katsina hankali irin wannan ba. Wa za a harba? Surukin wa? Sanatocin Arewa suka ƙi, malamai suka tafi Yamai, Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi suka yi ta kai da komo. Allah ya kiyaye ba a yi yaƙin ba, kuma a Maris na 2024 ƙasashen biyu suka buɗe iyaka. Amma zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar da aka ɗaure sau biyu cikin shekara biyar ta koyi zama.

Ko da gwamnatoci ba su taɓa ki ba, da 'yan bindiga sun isa su kashe ki. Hanyar Ƙanƙara da muke yankewa ta zama sai da rana tsaka, sai an tambayi direban da ya fito. A Ƙanƙarar nan, maƙwabciyarmu, aka kwashe ɗaruruwan ɗaliban makarantar kimiyya a Disambar 2020. Titin Katsina zuwa Jibiya ya cika da shingaye, kowane shinge da hannun da ke miƙowa, amma hakan bai hana a tare mota a shiga da mutane daji ba. Dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato sun tsallaka jihar Maraɗi cikin shekarun nan, su ma ba biza, da tabarmi a ka da goyo a baya, suna zaune a ƙauyukan Gidan Rumji. Ga kuma naira. Da can ɗan Najeriya ne mai kuɗi in ya shiga kasuwar Maraɗi. Tun faɗuwar da ta yi a 2023, in ka canza kuɗinka zuwa sefa sai ka ƙirga ka sake ƙirgawa, ka ce wa mai canji ko dai ya yi kuskure.

Abin da ya fi damuna shi ne matsayinki a yau. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Kafin nan, a Disambar 2024, ƙawancensu na AES ya ba da sanarwar cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, tare da riƙe damar hana wanda ba su so. ECOWAS ita ma ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu, a bar su su yi zirga-zirga, har sai an ji wata sanarwa. An kyauta, ba na raina wannan. Sai dai a da yarjejeniya ce ta riƙe ki, wadda ƙasashen biyu suka sa wa hannu, yanzu kuwa sanarwa biyu ce, kowace daga ɓangare ɗaya, kuma wanda ya yi sanarwa da safe yana iya janye ta da yamma. Kin koma kamar gonar aro: kana nomawa, amma ba ka dasa mangwaro a ciki. Mun ga alama. Nijar ta hana fitar da hatsi a ƙarshen 2024, ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallar 2025, mu ma nan an sha tare motocin hatsi da suka nufi iyaka. Inda buhu da rago suke tsayawa da umarni ɗaya, mutum ma zai iya tsayawa.

Ana gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Bai biyo ta Malumfashi ba, sai mun je Katsina mu hau, ban kuma ƙi ba. Amma kafin ƙarfe ya isa Ɗan Isa ina so a san da wace takarda fasinjan zai sauka. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tasu ta kansu tun 1971, hedikwatarta a Yamai, ta girmi ECOWAS da shekara huɗu. Da ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu suka haɗu a Yamai a Afrilun 2025, sun yi maganar farfaɗo da ita. To, ga aikin farko da za a ba ta: a rubuta kwana 90 ɗin nan a yarjejeniya tsakanin Abuja da Yamai, a faɗi katin da za a nuna a Magama da wanda za a nuna a Ɗan Isa, a manna a bangon ofishin da Hausa, boko da ajami, yadda manomi daga Ƙafur zai iya karantawa ya nuna wa mai kaki da yatsa.

Ki gai da mutanen Maraɗi.

Naki,
Wani ɗan Malumfashi