Wane Frank ne za ku sa a fim?

Shekaranjiya da dare a fadarmu, shayi na biyu bai kai ga sauka ba gardama ta kaure, kuma ƙanena ne ya jawo ta. Ya zo da motonsa na kabu-kabu, ya manna sabon hoto bisa tanki: farin ƙoƙon kai mai dogayen haƙora, irin wanda kuke gani a rigunan gwanjo. Na tambaye shi ko ya san na wane ne. Ya ce, "Haba Yaya, ai Punisher ne, mutumen da ba ya kai ƙara." Anka bushe da dariya. Sai wani ya jefo tambaya: in an ba ka kuɗi an ce ka yi sabon fim ɗinsa, wane Frank Castle za ka ɗauka? Don ba ɗaya ba ne.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon sojan Amurka ne da ƴan mafiya sunka kashe wa mata da ɗiya biyu a wani lambun shaƙatawa na birnin New York. Tun daga nan ya rataya bindiga, duk mai laifin da ya gani sai ya aika shi lahira, babu kwamisariya babu alƙali. A littattafan zane na Marvel ya fara fitowa, waɗanda muke ce ma BD tun muna lakwal, a 1974, cikin labarin Spider-Man lamba 129. Abin da mutane ba su cika sani ba, a wannan fitowa ta farko wani mugu ne mai suna Jackal ya ruɗe shi, ya sa shi farautar Spider-Man. Wato tun ranar farko marubucin, Gerry Conway, ya nuna mana mutum ne da ake iya yi wa ƙarya ya ɗau bindiga. Ku riƙe wannan.

Na 1989, na Dolph Lundgren, ba mu daɗe bisa kansa ba. Sun mai da shi tsohon ɗan sanda mai kwana cikin magudanar ruwa, kuma ko ƙoƙon kan babu a ƙirjinsa. Ƙanena ya ce wannan ba ya cikin lissafi, babu wanda ya musa masa.

Na 2004 shi ne namu. Da yawanmu a gidan bidiyo munka gan shi, zaune bisa benci, ana zufa ana ihu. Thomas Jane ne Frank, John Travolta ne mugun. Masu fim ɗin sun ga mata da ɗiya ba su isa ba, sai sunka tara dangin Frank kaf wurin wani taron zumunci a Puerto Rico sunka karkashe su, har da mahaifinsa. Bayan wannan wa zai ce masa ya yi haƙuri? Kuma sun yi masa kwalliya ta ko'ina. Akwai wurin da ya rataye wani yana tsorata shi da wutar walda, ashe ƙanƙara ce yake goga masa a baya, nama kuma yake gasawa gefe don ƙauri ya tashi. Mun yi dariya har da tafi. Wannan Frank ɗin duk wanda ya kashe ya cancanta, harsashinsa ba ya ɓata hanya, kuma da ya gama da gidan mugun sai ka fito da zuciya fes.

Nan ne na ce ni ban yarda da shi ba. Na kawo musu na littafi, na wani marubuci ɗan Ailan ta Arewa, Garth Ennis. A 2003 ya fitar da wani ɗan gajeren labari mai kashi huɗu, Born, inda ya koma da mu Biyetnam a 1971, tun iyalin Frank suna raye. Kaftin ne a wani sansani da ake shirin rufewa, zuwansa na uku yaƙin ke nan, kuma ba ya son a gama. Yaƙin ya riga ya shige masa jini. Daren da abokan gaba sunka mamaye sansanin, wata murya cikin kansa ta yi masa tayin yaƙin da ba ya ƙarewa, amma da farashi, ya amsa. Da ka karanta wannan, kisan iyalinsa sai ya koma kamar ƙofa ce kawai anka buɗe wa abin da ke ciki da ma. Daga 2004 Ennis ya ci gaba da shi har lamba 60, yana barin Frank ya tsufa, furfura ta fito, babu aboki na kirki, babu gida. Kana karantawa kana jin tausayinsa, amma wallahi ba ka fatan zama shi, ba ka ma son ya zama maƙwabcinka.

Ina cikin zuba, sai wani abokinmu da bai ce uffan ba tun farko ya aje kofinsa. Mutumen wajen Madarunfa ne. Bara waccan ƴan bindiga sun shigo ƙauyensu da dare sun tafi da baffansa, sai da anka sayar da shanu da gona kafin ya dawo, kuma har yau tsohon bai koma daidai ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai kana da littafi. Ni na 2004 nike so. Ina son in ga an yi musu, ko a telebijin ne."

Fada ta yi tsit. Me zan ce masa? Wanda bai kwana yana jiran kiran masu garkuwa ba, ba shi da bakin koya wa wanda ya kwana haƙuri. Na sani sarai abin da ke sa mutum ya so Frank mai tsabta, ni ma na taɓa tafa masa.

Abin da na iya ce masa kawai shi ne ya tuna na 2008, War Zone, wanda marigayi Ray Stevenson ya fito. Fim ne mai jini har ya yi yawa, ban ce kowa ya kalla da yara ba. Amma akwai abu guda da ya yi wanda sauran sunka kauce wa. Tun farkon fim Frank ya harbe wani cikin ƴan daba, ashe jami'in FBI ne da ya saje da su yana aiki, yana da mata da ƴar ƙaramar ɗiya. Frank ya tafi ƙofar matar da jakar kuɗi, ta auna shi da bindiga. Daga baya fim ɗin ya wanke shi, ya sa ya ceci uwa da ɗiyar, shi ke nan an yafe. Ni da ni ke da kamara, cikin gidan matar nan zan zauna rabin fim. Mu nan mun san labarin ƴan banga tsallaken iyaka, mun san sau nawa ake zuwa neman ɓarawo a dawo an kashe makiyayin da bai san hawa ba bai san sauka ba, gobe ƴan uwansa su ma su ɗau nasu makamin.

Shi ya sa in dai fuska ce, Jon Bernthal zan ɗauka, wanda ya fara a Daredevil a 2016. Shi kaɗai ne in ya yi magana kake jin mutum ne da ya karye, muryarsa na rawa, idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Labari kuwa na Ennis, da kuskuren nan na 2008 a tsakiya, ba tare da an wanke shi ba. Su kansu masu Marvel abin ya dame su da sunka ga sojoji da ƴan sandan Amurka na manna ƙoƙon kan nan. Conway ya fito ya ce bai dace da masu kare doka ba, kuma a wani littafi na 2019 an zana Frank da kansa yana yage hoton daga motar ƴan sanda.

Abokin namu bai ce na gamsar da shi ba. Ya dai ce in tura masa Born ɗin ta waya in na Faransanci ne, ya shanye shayi na uku, ya yi mana sai da safe. Ƙanena ne ya kai shi gida bisa moton, ƙoƙon kan na nan bisa tanki, ya ce dala ɗari ya saye shi, ba zai ɓamɓare ba sai ya kwaile da kansa.