Tulun Da Ke Yoyo Cikin Aljihu

Garin Kwali, wanda ke kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, ya yi suna wajen ginin tukwane. A nan aka haifi Ladi Kwali, wadda ta rasu cikin 1984, kuma har yanzu hotonta na bayan takardar Naira 20. Mutanen irin wannan gari ba sai an koya musu ƙwanƙwasa tulu kafin su biya kuɗinsa ba, domin tsagar da ta ɓoye wa ido ba ta ɓoye wa kunne. To, amma ga wani sabon tulu ya shigo gidaje, watau wayar hannu, ana ɗura masa data da kuɗin gumi, yana tsiyayar da ita dare da rana, ba mai ƙwanƙwasawa.

Manomin doya zai sayi datar wata guda domin jin farashi da gaisawa da ’ya’yansa a birni, kafin mako ya zagayo ta ƙare, ya shiga tsine wa kamfani. Ba shakka tsada ta ƙaru, gama cikin Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yarje wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Sai dai sau da yawa da ɗan gari akan ci gari. Manhajojin da ke cikin wayar ba sa barci don mai ita ya kwanta. Wata tana sabunta kanta, wata tana ɗauko talla, wata tana kwashe hotuna zuwa rumbun kamfaninta a ƙetare. Har fitila da ƙididdiga, waɗanda ba su da wata hulɗa da intanet, akan same su suna leƙawa waje.

Dalili kuwa shi ne yadda aka gina wayar. Tun daga 2015 wayoyin Android ke neman izinin mai su kafin manhaja ta taɓa kyamara ko lambobin mutane. Amma shiga intanet ba ya cikin abin da ake tambaya. Da zarar an sauke manhaja, ƙofar waje a buɗe take gare ta.

Asarar kuɗi ma da sauƙi a kan asarar mutunci. Jama’a ba su manta da manhajojin ba da rance ba, waɗanda ke kwashe lambobin mai cin bashi tun ranar farko, in ya makara wajen biya su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne. Cikin Agusta 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar Naira miliyan 10 saboda keta sirrin jama’a. Cikin 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna, kuma a watan Yuni na shekarar aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama’a ta Nijeriya. Duk wannan madalla, amma hukunci yakan zo ne bayan asiri ya tonu, magana kuwa zarar bunu ce.

Don haka tsaron ƙofa ya koma wuyan mai waya, kuma bai fi ƙarfinsa ba. A cikin saitin kowace waya akwai wurin da ke jera manhajoji da yawan datar da kowace ta sha. Wanda ya duba nan zai ga mai yoyon da idonsa. Daga nan yana iya hana ta aiki a ɓoye, ko ya kunna tsarin tsimin data da Android ya kawo cikin 2016. Mai iPhone yana iya yanke wa kowace manhaja datar layi ita kaɗai. Wanda ke son mai gadi sosai, akwai irin su NetGuard, wadda ke tsayawa tsakanin manhajoji da intanet, ta bar wannan ta wuce, ta mai da waccan. Kwamfutar Windows ma tana da katangar tsaronta, sai dai bisa al’ada masu shigowa take tarewa, masu fita kuwa sai an umarce ta.

Amma a yi hattara kada garin gyaran gira a rasa ido. Wanda ya toshe manhajar banki ko WhatsApp, saƙo ba zai riske shi a kan kari ba, wanda kuma ya hana waya karɓar gyaran tsaro ya bar wa ɓarayi kafa. Haka nan mai gadin yana faɗin wanda ya fita da inda ya nufa, ba ya faɗin abin da ke cikin jakarsa. Ma’auni mai sauƙi shi ne mutum ya tambayi kansa: me wannan manhaja za ta nema a waje? In babu amsa, a rufe mata ƙofa, ko a cire ta ɗungum.

Ya kamata matasan da ke sauke wa dattawa manhajoji a kasuwa su riƙa nuna musu wannan wuri kafin su miƙa waya. Minti 5 sau ɗaya a wata ya isa magidanci ya san wanda ke fita daga wayarsa da sunansa.