Tana, Gawo da Numfashin Gona



Mu 'yan Haɗeja mun san tana tun muna ƙanana, ita ake tonowa a bakin kogi a soka wa ƙugiya. Manomin fadama kuma in ya ga kashinta a gonarsa, ya san ƙasar na da rai. Shi ya sa muka yi tsaki da farko da muka ji an ce har tana na da hannu a ɗumamar yanayi.

Maganar ta fito ne daga Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, inda Ingrid Lubbers ta yi digirin digirgir a kan tana. A 2013 ita da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a baya, suka ga ƙasar da ke da tana tana fitar da iskar kabon fiye da wadda babu da kashi 33 cikin ɗari, iskar naitiros oksaid kuma da kashi 42. Wannan ta biyun ita ce muguwar, don ta ninka kabon sama da sau 270 wajen riƙe zafi. Dalilin ba wani boyayye ba ne. Cikin tana akwai danshi da abinci, babu isasshiyar iska, ƙwayoyin halittar da ke samar da naitiros oksaid kuwa irin wurin da suke so ke nan. Ramukanta kuma hanya ce da iskar ke bi ta fito.

Sai dai bayan shekara guda, wani nazarin daga jami'ar ya nuna tana na ƙara amfanin gona da kimanin kashi 25. To wa zai ce wa manomin Auyo ya ƙi abin da ke cika masa buhu?

A nan ne ya kamata mu tsaya mu dubi ƙasarmu da kyau. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya canza hali, kachalla ta toshe hanyoyinsa, noman rani na shinkafa ya bunƙasa. Gonar da ruwa ya kwanta a kanta tsawon makonni tana fitar da iskar mitan, kuma buhun yuriya da aka watsa fiye da buƙatar shuka, wani ɓangarensa naitiros oksaid yake komawa. A ganinmu, in ana neman mai laifi a fadamarmu, a fara da waɗannan kafin a kai ga tana. A tudu ma, inda rairayi ya yi yawa, gara ce ke yawancin aikin da tana ke yi a wasu wurare.

Ga kuma gawo, bishiyar da ke yin komai a juye. Da damina take zubar da ganye, gero ya samu rana da taki a ƙarƙashinta. Da rani ta yi kore, dabbobi su ci 'ya'yanta, su kwanta a inuwarta, su bar kashi. Ganyen nan da ke ruɓewa shi ne abincin tana da gara. Shin gindin gawo ya fi filin da aka zuba yuriya fitar da iskar ne, ko kabon da bishiyar ta adana ya rufe giɓin? Awon ba ya buƙatar jirgin sama: ana kifa wani mazubi a kan ƙasa, a zuƙi iskar da ta taru da sirinji, a kai ɗakin gwaji. Ɗalibi a Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero zai iya gina digirinsa a kan wannan tambaya.

Mu kuma marubuta, labaranmu na sauyin yanayi sun cika da ƙanƙarar da ke narkewa a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba, alhali ambaliyar 2020 a ƙofar gidanmu ta cinye shinkafa. Wanda zai rubuta gajeren labari a wannan watan, ga jarumi nan a araha: dattijon da ɗansa ke so a sare gawon gado don tarakta ta samu hanya.