Dagona: Tafkin Da Kwasakwasa Ke Ɗebe Wa Mai Baƙin Ciki Kewa

Idan aka yi wa mutum rasuwa a ƙasar nan, kwanaki bakwai na farko ba ya rasa jama'a. Amma da an yi sadakar arba'in, 'yan ta'aziyya sun watse, an naɗe tabarmi, sai a bar shi daga shi sai tunani, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa. To, wanda ya sami kansa cikin wannan hali, in yana da kyamara da kuɗin mota, akwai wani tafki a ƙasar Bade cikin Jihar Yobe wanda ya kamata ya kai wa ziyara. Sunan wurin Dagona.

Dagona wani yanki ne na fadamun Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are ke malala kafin su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. Ruwa yakan cika wajen watan Agusta da Satumba, sa'an nan ya riƙa ja da baya a hankali, ya bar tafkuna cike da bado da kifi, bagaruwa da goruba na kewaye da su. Da shigowar hunturu sai tsuntsayen Turai masu gudun sanyi su ƙetaro hamada su sauka, su tarar da 'yan gida, wato su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Saboda su ne Yarima Filif, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci wurin cikin 1989, kuma cikin 1991 aka sa shi ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na yankin Tafkin Chadi.

Sai dai cikin dukan taron nan babu mai ɗaukar ido kamar kwasakwasa. A tudu ba ta da fasali ko kaɗan, ga baki zaƙwal, ga jaka na reto a ƙarƙashinsa, tana tafiya tinƙis-tinƙis kamar mai ciwon ƙafa. Amma fa bari ta tashi. Babbar, wato farar, in ta buɗe fukafukanta sukan kai mita 3, kuma da rana ta yi zafi takan hau iska ta yi ta kewaya ba tare da ta kaɗa su ba. Da sassafe kuwa sukan yi jerin gwano bisa ruwa, su lanƙwasa kamar baka, su kora kifi zuwa inda babu zurfi, su tsoma kawunansu gaba ɗaya sai ka ce an ba su umurni. Jakar nan tana ɗibar ruwa fiye da lita 10. Tsuntsuwar takan tsiyaye shi tukuna, sa'an nan ta haɗiye abin da ya rage.

Hoton wannan tsomawar shi mai kyamara ke nema, kuma ba ya samuwa da gaggawa. Tilas ya tashi tun asuba, shi da ya yi watanni bai ga dalilin fita daga ɗaki ba. Tilas ya yi ciniki da masunci ya tura shi cikin kwalekwale, ko kuwa ya laɓe gindin bagaruwa cikin sanyi, ba motsi, ba tari, domin da sun tsargu za su tashi. Yakan yi sa'a biyu a haka, ido na kan ruwa, yatsa na kan maɓalli, yana lissafin inda rana za ta ɓullo. Zuciya ba ta iya riƙe wannan lissafi da kuma tunanin kabari a lokaci guda, don haka ɗaya yakan sauka, ko da na ɗan lokaci ne. Ran farko hotunan sukan fito dishi-dishi, ko kuma a sami ruwa babu tsuntsu. Haushin da zai ji ma ci gaba ne, gama ya nuna akwai abin da ya soma damunsa ban da rashin da aka yi masa. Wannan ba ya hana wanda damuwa ta kai shi ga kwanciya ya nemi likita.

Masunta dai ba su ganin kwasakwasa da wannan ido. A wurinsu kishiya ce, tun da babba ɗaya tana lashe kifi fiye da kilo guda a yini. Amma mai ƙwace musu abinci na ainihi ba tsuntsu ba ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, aka bi ta da ta Challawa cikin 1992, malalar damina ta ragu, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Shekarar da tafki bai cika ba, kifi kan yi ƙaranci, tsuntsaye su zarce wani wurin, masunci ya jingine kwalekwalensa.

Saboda haka mai niyyar zuwa ya fara tambayar mutanen Gashuwa ko Nguru labarin ruwan bana da lafiyar hanya, ya kuma nemi izinin ma'aikatan gandun. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Ya tafi da bargo, da ƙyallen rufe kyamara saboda ƙurar hunturu.