Shimfiɗar Gwaggo

A gidanmu na Kakuri akwai wani dogon teburi da Baba ya sa kafinta ya yi masa shekarar da aka ƙara masa girma a masaƙa. Tuwo dai a tabarma muke ci, shi kuwa teburin yana jingine da bangon falo, a kansa ake ajiye rediyo da filas ɗin shayi. Abin da ke sa baƙo ya ƙara kallonsa shi ne shimfiɗar da ke kwance a tsakiyarsa: doguwa, siririya, faɗinta bai kai kamu ɗaya ba, tsawonta kuwa ya zarce teburin har bakunanta biyu suna reto. Gwaggo ce ta ɗinka ta, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan ta fita takaba. Da akwatin ƙarfe ɗaya ta zo, sai keken ɗinkinta Butterfly na ƙafa.

Wanda bai san Kakuri a farkon shekarun 1980 ba, da wuya ya gane yawan yadin da ke yawo a unguwar. Tun daga 1957 da aka buɗe KTL, masaƙar da gwamnatin Sardauna ta kafa tare da wani kamfanin Ingila, wasu suka yi ta biyo baya, irin su Nortex da UNTL da Arewa Textiles, har gefen nan na kudancin Kaduna ya zama garin masaƙu. Jiniyar canjin aiki ita ce agogonmu. Da ta kaɗa, sai titi ya cika da kekuna, masu fita da ƙurar auduga a gashin ido, masu shiga da kwanon abinci ɗaure a bayan keke. Audugar daga Funtuwa da Malumfashi da Gusau take zuwa, ta fita a matsayin atamfa da akoko. Abin da ya rage a ƙarshen bandir, ko inda zanen ya ɗan kauce, a araha ake sayar da shi, kuma a kasuwar Litinin ta Kakuri tuli-tuli ake zube shi a ƙasa. Can Gwaggo ke aikena. In ta tashi neman shadda ko boyil kuwa, sai mu hau bas zuwa Kasuwar Barci a Tudun Wada, inda teloli suka san ta, suna tara mata ragowar ɗinkin salla a leda.

Mutane ba su fahimci abin ba. A wurinmu faci alamar rashi ce, kuma mace mai ƙani a masaƙa ba ta da hujjar tsintar ƙyalle. Na ji ranar da wata maƙwabciyarmu ta ce mata, "Haba Yaya, turmi guda ai bai fi ƙarfin maigidan nan ba. Me za ki yi da wannan tarkace?" Gwaggo ba ta ɗaga kai daga keke ba ta ce, "Turmi wani ne ya zaɓa miki launinsa. Wannan ni na zaɓa." Na daɗe ina juya maganar nan, kuma yau na tabbata ita ce gaskiyar aikin. Ba tsimi ne ya sa ta ba, ko da yake tsimin ma ba abin kunya ba ne. Ido ne da ita, kuma turmin atamfa mai yadi shida bai bar wa idon nata abin yi ba.

Aikin ba daga keke yake farawa ba. Sai an wanke kowane ƙyalle tukuna, masu duhu dabam, masu haske dabam, don sitacin kamfani ya fita, mai zuba ya zuba, mai tsukewa ya tsuke. Ta ce wanda ya haɗa wankakke da marar wanki, ranar wankin farko zai ga ɗinkinsa ya tattare. Daga nan sai guga da dutsen gawayi, wannan kuwa aikina ne, ina fifita wuta ina goge gindin dutsen da tsumma kada toka ta ɓata fari. Sannan yanka. Gwaggo ba ta bin layi da almakashi. Takan ɗan tsaga baki kawai, ta kama gefe biyu ta fizge, yadin ya yage ƙyat bisa zarensa, ya fito miƙe sambal. Ma'auninta yatsu ne: wani yatsa uku, wani biyu, jefi-jefi ta sa siriri mai faɗin yatsa ɗaya, yawanci ja ko baƙi.

Inda take daɗewa shi ne wurin jerawa. Takan shimfiɗa farin zane a tsakar ɗaki ta jera dogayen yankan nan gefe da gefe, ta tashi ta koma bakin ƙofa ta tsura musu ido. Ta dawo ta ɗauke shuɗi ta mayar ƙarshe, ta sa ruwan goro a gurbinsa. Wani lokaci haka za a yi la'asar, a yi magariba, ba a ɗinka komai ba, kuma ba wanda ya isa ya tsallaka. Masu manyan furanni ba ta yarda su haɗa kafaɗa, sai ta raba su da yadi marar zane. "Uwata," haka take kirana saboda sunan mahaifiyarsu gare ni, "zo ki tsaya nan. Ina idonki ya fara sauka?" In na nuna, sai ta ce to daga nan ina ya tafi. In ido ya tsaya wuri ɗaya bai motsa ba, jerin bai yi ba.

A kan keke ma tana da ƙa'ida. In ta haɗa yanka biyu daga sama zuwa ƙasa, na ukun daga ƙasa za ta faro. Dalili kuwa, haƙoran keke suna jan yadin da ke ƙasa fiye da na sama, to in aka yi ta farowa daga gefe guda, sai shimfiɗar ta tanƙware kamar lauje. Kowane ɗinki sai an kwantar da bakinsa da guga zuwa ɓangaren mai duhu, kada ya nuna ta cikin mai haske. In fuskar ta kammala sai a yi hawa uku: akoko a ƙasa, tsohon bargo mai laushi a tsakiya, fuskar a sama. Takan kama su da manyan ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa gefe, sannan ta ajiye keke ta ɗauki allura. Da hannu take bin kowane layi, ƙananan ɗinki a jere, yatsanta na hagu yana ƙarƙashi yana jiran tsinin allura. Yatsan nan ya yi kanta har ba ya jin suka. Abin kashe baki kaɗai take yankawa da almakashi, a karkace, don ya yarda ya zagaye kusurwa ba tare da ya yi tuƙuru ba.

Siffar abin dai ba tamu ba ce. Gwaggo ta gan ta ne a gidan wani Bature a Unguwar Rimi, inda ta taɓa kai ɗinkin labule, kwance a tsakiyar teburin cin abinci. Amma haɗa siraran yadi ba a can ta koya ba. Mahaifinsu masaƙi ne a ƙasar Zazzau, kuma saƙar maza ta gargajiya siririya take fitowa, sai an jera an ɗinke baki da baki kafin a samu gwado ko saƙi ko babbar riga. Tun tana yarinya take ganin ana wannan haɗi a zauren gidansu. Da na girma na ci karo da hotunan mayafan da matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka, suke ɗinkawa daga tsofaffin tufafin aikin gona. An baje kolinsu a gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York a 2002, har gidan wayar Amurka ya buga su a kan sarki a 2006. Na ji daɗi domin sun cancanta, na kuma ji ciwo, domin na san matan da suka yi aiki mai irin wannan zurfi a nan, kuma tarkace aka kira shi.

Bayan 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, turmi ya fara fin ƙarfin ma'aikaci, sai ga matan unguwa suna sallama da ledojin ƙyalle. Gwaggo ba ta taɓa tuna wa kowa maganar da ba. Ta koya wa duk wadda ta zauna, ta kuma ɗinka wa kusan kowace amarya a danginmu shimfiɗa ɗaya daga ragowar ankon bikinta, wasu na kan kabad, wasu na kan talabijin. Ta ci gaba har idonta ya daina ganin kafar allura. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, tulin guntayen kasuwar Litinin ya zama na kayan waje.

Yanzu da na yi ritaya na koma kan aikin, kuma babbar wahalata ita ce yadi. Yawancin atamfar kasuwa ta yau da roba a cikinta: ba ta yagewa miƙe, ba ta kwanciya ƙarƙashin guga, in dutse ya yi zafi ma sai ta yi ƙyalli ta ƙanƙance. Kafin in sa ƙyalle a jeri sai na zare zare ɗaya na kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da wuta ta bar toka mai laushi da warin takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule baƙi ƙirin. A ledar da telan layinmu ya aiko mini kafin babbar salla, abin da ya bar toka bai isa rabin shimfiɗa ba, don haka na aika wa ƙannena cewa duk mai tsohuwar atamfar Kaduna a ƙasan akwati kada ta bayar, ta kawo mini.